Man Shanu a Cikin Famfo

Ku da kuke zuwa rumfata da waya a hannu, kuna nuna mini wani Bature ya kwance famfon injin wankin mota ya mayar cikin minti takwas, ku zauna mu yi magana. Kun duba ruwan da injin Baturen nan yake sha? Ruwa ne garai-garai, irin wanda mu nan sai an yi baƙo na kirki ake sayowa a gora. Namu daga rijiya ake jawo shi a zuba a duro, duron kuma jiya gas ne a cikinsa, shekaranjiya manja. Rabi ruwa, rabi yashi. Ku kai wa Baturen injin garin nan namu na Illela guda ɗaya tak. In ya gama a minti takwas, na bar masa rumfar har da bencin da kuke zaune a kai.

Bari in gaya muku abin da ke cikin famfo, kada ku ce Ilu ya tsufa da rowar sani. In ka kwance kusoshi takwas da alanki ka cire kan nan na tagulla, za ka ga fistin uku farare, na tangaran, a jere. Su ne masu tura ruwa. A cikin kan akwai bawul shida, uku na shigar da ruwa, uku na fitarwa, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba. Kowane fistin yana kai da komo a cikin wani zoben roba da muke ce wa sil, mutanen Ƙonni su ce juwan. Can baya kuma ɗakin mai ne, inda karanshaf ke juyawa. To, ruwa a gaba, mai a baya, sil a tsakani yana rabon faɗa. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, duk bai wuce in hana su biyun nan gaisawa ba.

Da jin haka sai ku ce ai da sauƙi. Ni ma haka na ce. Injin farko da na ɗaura da hannuna na wani mai wankin babura ne a hanyar boda. Na wanke komai da kananzir, na jera a kan tsumma, na mayar, na ɗaure kusoshi har jijiyar wuyana ta tashi. Aka tada inji, ruwa ya fito ta ko'ina ban da bakin bindigar feshin. Ashe sil yana da gaba yana da baya, leɓensa ruwa yake fuskanta, ni kuwa duk ukun na juya musu ƙeya. Mai injin ya tsaya rigarsa sharkaf, ya dube ni ya ce, “Ilu, injin wanka nib ba ka ko na wanki?”

Sai dai su ma masu injin ba waliyyai ba ne. Ban taɓa ganin wanda ya sauke inji a gabana ya faɗi gaskiya a karon farko ba. Kowa cewa yake, “Yanzun ga shina aiki, yat tsaya da kainai, babu wanda yat taɓa shi.” Kai kuma kana kallon kan kusa an cinye shi da kurfi da guduma. Wani ya bar inji yana kuka, bindiga a rufe, ya tafi cinikin sefa wajen 'yan canji. Ruwan da ke ciki ya yi ta zagaye har ya tafasa, ya dawo ya danna bindiga, ruwan sanyi ya shiga, fistin ya tsage. Wani duronsa ya ƙare bai sani ba, famfo ya yi ta zuƙar iska har sil ya ƙone. Wani ya cire matacin bakin tiyo don wai yana rage masa ƙarfin ruwa, yashi ya shiga ya zauna a bawul. Dukansu kuma laifin na mutanen Caina ne. Ni ba na musu. In ce, “Ƙwarai kuwa, ba su da tsoron Allah,” in tara yashin da na kwaso a murfin gwangwani in ajiye masa a gabansa.

Ban fara da waɗannan injuna ba, don lokacin da na shiga sana'a da bokiti da soso ake wanke mota a garin nan. Wajen Baba Arzika na koya, Allah ya jiƙansa. Shi gyaran duk abin da ake bugawa ya yi iska yake yi: famfon keke, risho mai famfo, fitilar gas ta masu tsire, da famfon feshi na goyo. A zamaninsa sil ba roba ba ne, fata ce. Shekarata ta farko ban taɓa sifana ba. Aikina in fiƙe bakin guntun bututu, in huda fata da shi, in jiƙa, in matsa ta a cikin wani ramin katako har ta yi siffar ɗan ƙoƙo. In na kawo masa, ya murza da yatsa biyu, ya jefa wa karen maƙwabta. Karen nan ya yi ƙiba a kaina.

Baba Arzika bai yarda da roba ba har ya koma ga Allah. Yakan ce, “Roba ba ta san kowa ba. Hwata ko da rai tat taɓa yi, in ka ba ta mai tana tuna gida.” Mu kuwa muna dariya a ɓoye, muna cewa tsoho ya ga zamani ya wuce shi yana jifansa da dutse. Da injunan wanki suka fara shigowa, na tattara bututun hudar nan da katakon na jefa ƙasan akwati, na sayi alanki da soket, na zama injiniya. Har allo na sa aka rubuta mini.

Shekarun nan an samu, ba zan ɓoye muku ba. Manyan motoci a jere tun daga boda har cikin gari, babura kamar fara, kowa yana son a wanke masa. Kowane lungu da wurin wanki, kowane wurin wanki da injin da mai shi yake kashewa da hannunsa. A lokacin ne na yi abin hankali guda ɗaya da na taɓa yi a rayuwata: na sayi karsana ja na ba wani makiyayi amana. Sunansa Manu, rugarsu tana bayan Garu. Shi yana kiranta Wule, don tana da fari a goshi. Ni kuwa Fansho na sa mata, tunda mai gyaran famfo ba shi da gwamnatin da za ta tuna da shi in idonsa ya daina ganin bawul.

Ranar da na miƙa masa igiya na tambaye shi ko za mu rubuta takarda. Ya yi murmushi, ya kira ni da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, “Kaɗo, mu ba mu takarda. In ta haihu ka ji labari, in ta mutu ka ga hwata.” Muka yi dariya, muka sha shayi a teburin Labbo da ke jikin rumfata. Bayan nan sau biyu kacal na je ganinta. Ni saniya ai saniya ce, duk jajayen ɗaya nake ganin su.

Manu ba irin wanda kuke zato ba ne. Yana da babur, yana da waya, kuma shi ne mutum na farko a yankinsu da ya gane injin wankin mota zai iya feshin maganin kaska. Da famfon goyo, garke guda wuni ne cur, kafaɗa ta mutu. Da inji kuwa kafin hantsi ya gama nasa ya shiga na maƙwabta. Ya sayo injinsa a Ƙonni, tsoho ne na hannu amma na ƙwarai, irin wanda ba a ganin kansa a Sakkwato. Fistinsa ya fi na sauran kauri, don haka sil ɗinsa ma daban ne, shago guda ne ke da shi a can Ƙonni. Da ya saye shi ya haɗo da sil na ajiya saiti ɗaya, ya ƙulle a leda ya ba ni in riƙe masa. Na nuna masa ɗan gilashin da ake duba mai, na ce, “Ka ga nan? Kada ka bari shi bushe. In kana daji ba ka da na hwamho, kowane irin mai kas samu zuba. Kowane mai ya hi babu.” Ku riƙe wannan maganar, ni na faɗe ta da bakina.

Wata ranar kasuwa sai ga Manu da inji ɗaure a bayan babur, wai yana jin wata 'yar ƙara. Rumfata cike, bencin Labbo cike. Na leƙa gilashin mai, na ga fari. To, duk wanda ya yi wata uku a sana'ar nan ya san in mai ya koma fari kamar nono, ruwa ya shige shi, sil ya mutu ke nan. Ban tambayi komai ba. Na ɗaga murya don na bayan benci su ji, na ce, “Ruwa ya gaisa da mai! Sai an kwance shi duka.” Na cire kai, na sa tsinken ƙarfe na ƙwaƙule sil ɗin nan uku. Sil kuma in ka ƙwaƙule shi ya gama aiki, ba ya komawa. Sai da suka zo hannuna na ga lafiyarsu lau, ko ƙwarzane babu sai wanda tsinkena ya yi musu.

Na kwance kusar ƙasa don in zubar da man. Ya ƙi zuba. Na karkata injin, wani abu ya sulalo a hankali, rawaya-rawaya, da ƙamshin da na sani amma ba a rumfar gyara ba. Labbo ya baro tukunyarsa, ya dangwala yatsa, ya kai baki. Ya lumshe ido ya ce, “Saura tuwo.”

Na ce, “Manu, mi kaz zuba cikin hwamhon ga?”

Ya ce, “Mai.”

“Wane mai?”

“Man shanu. Muna can nesa, na ciki ya yi ƙasa. Kai kac ce kowane mai ya hi babu.”

“Baƙin mai nika nuhi!”

“To ba ka ce baƙi ba, Kaɗo. Kuma sati ukku shina aiki, bai yi gardama ba.”

Gaskiyarsa ce. Ƙarar da ya ji ma kusar ƙafar inji ce ta kwance, aikin minti ɗaya. Ni ne na kashe masa sil masu rai, dole na ɓare ledar ajiyar nan na sa masa na ƙarshe. Abin da ya kamata shi ne in ce na yi kuskure. Amma mutum ashirin suna kallo, ga allo a sama an rubuta injiniya. Sai na juya abin ya koma kansa. Na ɗaga gwangwanin man shanun ina zagayawa da shi, ina cewa a zo a ga Bafillacen da ya yi wa inji miya. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Daga ranar, duk inda Manu ya gifta a kasuwa sai ka ji an ce, “Mai miyar hwamho, a sa yaji ko a bari?” Bai taɓa tankawa ba. Ni kuma ban taɓa gaya wa kowa cewa sil ɗin nan lafiyayyu ne ba, sai yau da nake gaya muku.

Ana nan aka rufe boda. Ku a lokacin kuna makaranta, abin da kuka sani shi ne shinkafa ta yi tsada. Mu garin ne ya mutu a tsaye. Motocin da suka rage suka yi ta zama har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, wa zai wanke motar da ba ta zuwa ko'ina? Masu wurin wanki suka kulle injuna a ɗaki, wasu suka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Sai in yi kwana tara ban riƙe alanki ba. Na koma facin taya, na koma gyaran risho, har fanka na kwance wa wata tsohuwa ban san yadda ake mayarwa ba. Na sayar da babur, na sayar da injin walda. Abin da ya rage mini a duniya wanda za a kira dukiya shi ne Fansho, ga shi an aiko mini cewa ta haifi maraƙa. Duk ranar da na koma gida da hannu a aljihu, in ce da kaina, ai ina da saniya da 'ya.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, kaska ta fito kamar an zuba. Wata safiya ana yayyafi sai ga Manu. Ya rame, idonsa ja. Injin yana bayan babur, a samansa kuma an ɗaure wani busasshen ƙirgi a naɗe, gashin a ciki. Ya ce famfo ya daina turawa kwana goma sha biyu ke nan, da hannu suke cire kaska, shi da matansa da 'ya'yansa, kuma ciwon da take kawowa ya shiga garken. Shanu biyu sun faɗi.

Na ce, “Fansho hwa?”

Ya dubi ƙasa ya ce, “Ɗiyatta na nan tana tsalle.”

Na ce alhamdu lillahi, na jawo alanki. Da na buɗe kai sai na ga abin da nake tsoro. Maganin kaska ya cinye sil, sun kumbura sun yi laushi, kana taɓawa suna mannewa a yatsa. Na ajiya kuwa kun san inda ya tafi. Na buga waya Ƙonni, aka ce mai shagon ya kulle ya koma garinsu tun da kasuwa ta mutu. Na buga Sakkwato wurin mutum uku, kowa ya ce bai taɓa ganin mai wannan kauri ba. Na zazzage akwatina ƙasa ko Allah zai sa wani tsoho ya maƙale. Babu sil. Sai bututun huda na Baba Arzika da katakonsa suka gangaro, duk tsatsa da kashin ɓera.

Na dubi bututun, na ɗaga kai na dubi ƙirgin da ke kan babur. Manu ya ga inda nake kallo, ya fara kwance igiyar a hankali, ya ce, “Kaɗo, wagga hwata da kag gani…”

Na ce, “Allah ne ya kawo ka da ita! Miƙo.”

Labbo ya tsaya da kofi a sama, bai zuba shayin ba. Ya ce, “Ilu, bari mutum shi ƙare magana mana.”

Na ce, “Magana ta jira, shanu ba su jira. Manu, nawa za ka sayar min da guntu?”

Manu ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Ɗauka duka. Taka ta.”

Na yi masa godiya, har na ce wa Labbo ka ga mutumin kirki, duk tsiyar da muka yi masa bai riƙe mu ba. Labbo ya koma yana goge teburin da ya riga ya goge.

Na yanko tsiri daga gadon baya, inda fata ta fi kauri, na kai wa wani majemi na ce ya bar duk abin da yake yi. Kwana uku tana cikin bagaruwa. Da ta dawo na zauna da aska ina rage mata kauri, ina gwadawa da tsohon sil. Na fiƙe bututu biyu, babba na waje, ƙarami na ciki. Katakon Baba Arzika ya yi kaɗan, don haka na jiƙa fatar a ruwan ɗumi, na ɗora ta a bakin soket, na danna da wani tsohon fistin, na matse a bais, ƙarfen matsi. Na huda goma sha ɗaya kafin in sami uku da Baba Arzika zai iya karɓa, kuma ina jin ko su ɗin biyu zai jefa wa kare. Hannuna ya tuna abin da kaina ya manta.

Saura mai. Fata in ba ta sha mai ta ƙoshi ba, ruwa za ta sha, ta yi laushi ta yage. Na jefa guda cikin baƙin mai don gwaji, ta fito ta ƙandare, ina lanƙwasawa tana tsagewa. Man gyaɗa kuma danƙo yake yi. Na zauna ina tuno abin da Baba Arzika yake ajiyewa a wata 'yar kwalba bayan akwatinsa, wanda yake hana mu taɓawa don kada mu zuba a ɗumame. Da na tuna, sai da na yi kamar in yi kuka, don na san bencin Labbo cike yake, ga Manu zaune a ƙarshensa ya zo jin labari. A ranar ya ce saniya ta uku ta faɗi.

Na je na tsaya kusa da shi, na rage murya. Na ce, “Manu, ina son mai.”

Ya ce, “Mi?”

“Mai nika so.”

Ya ajiye kofinsa. Bai ɗaga murya ba, amma duk bencin ya ji. Ya ce, “Wane iri, injiniya? Hwaɗi launinai, kada in yi kuskure.”

Na ce, “Man shanu.”

An yi mini dariyar da na ci bashinta shekara biyu. Wani har ya ce a kawo mini yaji. Manu shi kaɗai ne bai yi ba. Ya tashi ya buɗe jakar babur ya ciro wata 'yar kwalba, wai dama ya zo da ita tun ranar farko, tawa ce ita ma. Na narka shi a gwangwani a kan garwashin Labbo, wuta kaɗan-kaɗan, don in ya yi zafi da yawa soya fatar zai yi. Na zuba zobban ciki suka yi ta fitar da 'yan kumfa har suka daina. Suka fito sun yi duhu, suna sheƙi, suna lanƙwasuwa a yatsa.

Na ɗaura, leɓe yana fuskantar ruwa, na ɗaure kusoshi a gicciye, kaɗan nan kaɗan can. Gwajin farko guda ya fashe, don na bar ƙarfin inji yadda ake wanke tirela. Na sake kwancewa, na sa wani daga cikin waɗanda na raina, na sassauta mariƙin ƙarfi ya dawo ƙasa sosai. Saniya ai ba fenti za a kankare mata ba. Aka ja igiya. Tiyo ya miƙe, bindiga ta yi tari sau biyu, sai ga feshi lafiyayye. Ƙasan famfo yana ɗiga, ɗis, can kuma ɗis, amma gilashin mai bai canza launi ba. Na ce da Manu ba zan bar shi ya tafi shi kaɗai ba, in ya fashe a daji wa zai ɗaura? Gaskiyar magana kuwa, Fanshona nake son gani.

Muka isa ruga da hantsi, ni a bayan babur rungume da inji. Ban taɓa ganin kaska irin ta ranar ba, a kunne, a hantsa, a ƙarƙashin wutsiya, sun sha sun yi tiɓis. Aka haɗa magani a duro, Manu ya riƙe bindiga, ni na tsuguna gefen famfo ina kallon ɗigo ina karanta duk addu'ar da na iya. Ana kawo su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowace da sunanta. Fatar nan ta riƙe. Muka gama garkensa, maƙwabta suka koro nasu, muka yi har bayan azahar. Duk ja da aka kawo sai in leƙa goshinta.

Da aka kashe inji na ce, “Manu, ban ga Fansho ba. Ko tana wani garke?”

Ya goge hannunsa da gefen riga. Ya nuna famfon da haɓa, ya ce, “Ga ta nan ciki.”

Ban gane ba, na tsaya ina kallonsa.

Ya ce, “Ita ta hwara hwaɗuwa. Mun samu mun yanka, naman bai yi kyan kai kasuwa ba, munka yi sadaka da sunanka. Hwata nik kawo maka, kamar yadda munka yi alkawari. Man ma nata na, na ƙarshe da anka kaɗa. Ka hana ni magana.”

Na ce, “Kwana biyar, Manu! Kwana biyar kana kallona!”

Ya ce, “Na ga hannunka na tahiya daidai. Nic ce in na hwaɗa maka yanzu shi yi rawa.”

Na zauna a kan duron magani. Na ji zafi ƙwarai, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma na ji kunya ta fi zafin. Duk wanda ke bencin Labbo ya san abin da ake nufi in makiyayi ya sauke fata a ƙofar mai saniya. Ni da aka gaya wa da baki, ni kaɗai ne ban gane ba. Na yi wa mutum dariya shekara biyu don na ce mai ya ji mai, ga shi an kawo mini saniyata a naɗe na tambayi nawa ne guntu.

Manu ya tafi ya dawo yana jan wata 'yar maraƙa, jiƙe sharkaf da magani, tana atishawa. Ja ce, da fari a goshi. Ya ce tun da uwar ta tafi wata saniyarsa ce ke shayar da ita. Ya miƙa mini igiyar ya ce, “Taɓa ta dai, ka san ta. Kada wata rana a kawo maka ita ka huda.”

Sil ɗin nan sun kai mu ƙarshen damina, sau biyu na sake hudo wasu. Babu saniyar da ta ƙara faɗuwa a rugar. 'Yar maraƙar ta girma, yanzu haihuwarta uku, kuma duk wata ina zuwa in duba su, na san kowace da sunanta. Allon injiniya kuwa iska ta ɗauke shi ban sa an rubuta wani ba.

To, kai mai jar hula, da kake cewa in ba ka wata guda za ka iya, sauko da ƙafarka daga kan shimfiɗar bencin nan. Ɗaga gefenta ka ga inda aka yanke tsiri a gadon baya. Fanshona kake takawa.